Suna da Shaida: Gane Furen Okid na Daji a Fadamun Haɗeja

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Babu fagen da wannan magana ta fi tabbata kamar fagen nazarin tsirrai, musamman dangin nan da masana ke kira okid. Dangi ne babba, mai iri fiye da 25,000 a duniya, amma a ƙasa mai ƙarancin ruwan sama irin ta Haɗeja ba kasafai ake cin karo da shi ba. Saboda haka idan malamin daji ko ɗalibi ya tsinci wani fure a gefen fadamar Kafin Hausa, ya yi zaton okid ne, ta yaya za a tabbatar?

Abin da ake fara tambaya shi ne sunan da mutanen wurin ke kiransa da shi. Suna yana nuna hanya, amma ba ya yanke hukunci, domin Bahaushe yakan raɗa wa tsiro suna ne bisa amfaninsa ko kamanninsa. Alal misali, albasar kwaɗi suna ne da ya haɗa tsirrai daban-daban masu tushe irin na albasa. Haka kuma manta-uwa, wato maganin da ake ba yaro lokacin yaye, ya zama sunan tsiro fiye da ɗaya, cikinsu har da Ansellia, wani okid mai fitowa a jikin itatuwa. Wanda ya tsaya ga suna kaɗai yana iya rubuta tsiro uku a matsayin ɗaya.

Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa a farkon mulkin Turawa, ya gane wannan matsala. Ya tattara tsirrai a wurare da dama, har da ƙasar Katagum, maƙwabciyar Haɗeja, yana haɗa sunan Hausa da samfurin tsiron. A 1916 ya buga ƙamus na sunayen tsirrai na Hausa. Daga baya shi da John Hutchinson suka wallafa Flora of West Tropical Africa daga 1927 zuwa 1936, kuma V. S. Summerhayes na lambun Kew a Ingila shi ya tsara sashen okid.

Shaidar okid a furensa take. Furen yana da kunnuwa shida, uku a waje, uku a ciki. Ɗaya daga na cikin ya sha bamban da sauran, shi ake kira leɓe. A tsakiya, sashen namiji da na mace sun haɗe sun zama ginshiƙi guda, garin barbara kuma a dunƙule yake, ba ya watsuwa. Ƙwayoyin irinsa kuwa kamar ƙura suke don ƙanƙanta. Siffar leɓe da ta ginshiƙi su ke raba wani iri da wani. Ga kuma wata wahala: wasu daga jinsin Eulophia, masu tushe a ƙarƙashin ƙasa, sukan yi fure da farkon damina tun ganye bai fito ba. Mai zuwa da bazara zai ga fure babu ganye, mai zuwa da marka ya ga ganye babu fure.

Don haka ɗaukar samfur yana da ƙa'ida. Akan shimfiɗa tsiron tsakanin takardu, a danne shi har ya bushe, a jefa wasu furanni cikin barasar adana kaya don kada siffarsu ta lalace. Sannan a rubuta wuri, da rana, da irin ƙasa, da launin fure, da sunan Hausa yadda aka ji shi. A ma'adanar busassun tsirrai, kamar ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko ta hukumar binciken gandun daji a Ibadan, masani zai jiƙa busasshen furen a ruwan zafi, ya buɗe shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya gwada shi da samfuran da aka riga aka tabbatar. Idan tsiron ɗaya tak aka gani, ba a tumɓuke shi. Hoto da fure ɗaya ko biyu sun wadatar, domin irin okid ba ya tsira sai da taimakon wata funfuna ta cikin ƙasa, dashensa kuma da wuya ya kama.

Wannan aiki ba ya jiran jinkiri. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja ta sake hali, kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, noman rani ya ci gefen fadama. Tsiron da ya ɓace ba a adana samfurinsa ba, babu mai iya shaida cewa ya taɓa zama a wurin. Dattijon da ya san sunansa kuma, idan ya kau, ya tafi da sunan.

Jami'ar Sule Lamido, wadda aka kafa a Kafin Hausa a 2013, tana bakin wannan fadama. Idan ɗalibin Hausa ya riƙa fita tare da ɗalibin kimiyyar tsirrai da malamin daji, ɗaya yana rubuta suna, ɗaya yana adana samfur, za a sami shaida wadda na baya za su dogara da ita.