Kafiretar injin kwalekwale

Kafireta ita ce sashen inji da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga silinda. Yawancin matsalolinta daga mai suke farawa. Fetur da ya daɗe a ajiye yakan bar danƙo ya toshe ƙananan ƙofofinta, sai injin ya ƙi tashi ko ya mutu a tsakiyar ruwa. Ruwan da ya shiga tanki kuwa yakan kwanta a ƙasan kafireta, domin ya fi fetur nauyi.

Makanikai sukan fara duba kafar iskar tanki, tiyo da matacin mai, sannan su kwance kafireta su wanke. Fulogi da ya yi baƙi alama ce ta mai ya rinjayi iska.