Yadda Za Ka Wanke Dusashewar Fitilar Mota, Ka Kuma Kare Ta Daga Rana

Malam manomi, idan a-kori-kurar ƙungiyarku ko babur ɗinka na ɗaukar kaya da asuba daga Kebbe ko Kuchi zuwa kasuwar Tambuwal, to ka dubi fitilarsa da kyau. Da yawa za ka tarar fuskar ta yi ɗorawa, ta yi hazo kamar idon da yana ta rufe. Direba ya yi ta canza ƙwai, haske bai ƙaru ba. A hanyar da amalanken shanu ke tafiya ba fitila, ga ramuka, ga dabbobi na tsallakawa, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne ga rai da kuma amfanin gonar da aka sha wahalar nomawa.

Me ke kawo dusashewar?

Fuskar fitilar yawancin motocin yanzu ba gilashi ba ce, roba ce mai ƙarfi da ake kira polikabonet. Kamfani na shafa mata wani siririn rufi mai kare ta daga hasken rana. Zafin ranarmu ta Sakkwato na cinye rufin nan a hankali, ƙurar hunturu kuma na karce shi, musamman in ana goge fitila da busasshen tsumma. Da rufin ya ƙare, sai rana ta fara ƙona robar kanta. A shekarar 2018 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada irin waɗannan fitilu, ta samu suna ba da kashi 22 cikin 100 kacal na hasken sabuwa. Bayan an goge su, hasken ya dawo har zuwa wajen kashi 70.

Fara da gwaji

Watsa wa fitilar ruwa. In ta yi garau tana jiƙe, sannan hazon ya dawo da ta bushe, to matsalar a waje take, kuma za ta gyaru. In ka ga ɗigon ruwa ko ƙura daga ciki, akwai tsaga ko bakin ya saki, sai an kwance an busar an liƙe. In kuma fuskar gilashi ce, irin ta tsofaffin motoci da wasu taraktoci, sabulu da ruwa sun isa, kada ka sa mata samfefa.

Kayan aiki

Ka nemi samfefar ruwa mai lamba 800, 1500, 2000 da 3000, wurin masu sayar da kayan fentin mota. Lambar na bayan takardar, kuma duk yadda ta ƙaru, laushin samfefar ya ƙaru. Sai salatif na takarda, bokitin ruwa mai tsabta, sabulu, tsumma mai laushi, man goge fenti, da man kariya daga rana da ake fesawa ko shafawa a fitila.

Yadda ake aikin

Ka yi shi a inuwa, da safe, kafin iska ta taso. Wanke fitilar da sabulu, ka zagaye ta da salatif don kada ka karce fentin mota. Jiƙa samfefa kamar minti 10. Fara da 800, kana gogawa daga hagu zuwa dama, kana zuba ruwa ba yankewa. Za ka ga ruwan na fita ɗorawa-ɗorawa, wato mataccen rufin ne ke tafiya. Ci gaba har ruwan ya koma fari.

A nan fitilar za ta yi fari fat, ta fi da muni. Kada gabanka ya faɗi, haka aikin yake. Ɗauki 1500 ka goga daga sama zuwa ƙasa, sannan 2000, sannan 3000, kana sauya hannu kowane karo domin kowace lamba ta share zanen wadda ta gabace ta. Kada ka tsallake lamba don sauri. Daga nan ka wanke, ka busar, ka ɗiga man goge fenti a tsumma ka murza har fuskar ta yi haske.

Matakin da aka fi mantawa

Gogewar nan ta cire tsohon rufi gaba ɗaya, robar yanzu tsirara take. In ka bar ta haka, cikin 'yan watanni za ta koma gidan jiya. Don haka ka sake wanke ta don cire maiƙo, ta bushe sarai, ka shafa man kariyar bisa ƙa'idar da ke jikin kwalinsa. Bar motar wurin da ba ƙura ba ruwa har kwana ɗaya. In ba ka samu man ba, kai wa mai fentin mota ya fesa mata man ƙyallin da suke rufe fenti da shi.

Abubuwan da za ka guje wa

Kada ka goge fitila da fetur, man birki ko sinadarin tsinka fenti. Suna sa ta ƙyalli nan take, amma suna cin robar, ta tsattsage daga baya. Man goge baki yana ɗan rage hazo mara yawa, sai dai ba ya daɗewa. Kada kuma ka sa ƙwai mai ƙarfin da ya wuce wanda kamfani ya tsara: yana iya narkar da mazauninsa, yana kuma kashe wa mai tahowa ido.

Shawara ga ƙungiyoyi

Ku haɗa kuɗi ku sayi kayan a tare, ku ware rana guda kafin kaka ku gyara motoci da baburan membobi duka. Bayan gyara, ku haska fitila a bango da dare, ku tabbatar duka biyun suna kallon hanya daidai. Ku riƙa ajiye mota a inuwa ko a juya gabanta daga rana, kuma a watsa ruwa kafin a sa tsumma. Fitilar da ta tsage ko ta ƙone har ciki kuwa, canza ta kawai ya fi.

Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a abin da aka noma.