Wa Ke Shuka Doka a Dajin Guga?

Idan ka bar Palladan ka kama hanyar Sakkwato, ka wuce Samaru da Shika, za ka shiga yankin dajin Guga, inda a da doka ta yi sarauta. Manyan sun tafi tuntuni. Gatari da masu gawayi sun gama da su. Amma kowace shekara sai ka ga tsirran doka da jajayen sababbin ganye sun cika fili, tsayinsu iya gwiwa. Ba wanda ya shuka su. Ka dawo baɗi, suna nan iya gwiwa.

Za a fara cewa iri ne ya faɗi. To, kwanson doka fashewa yake yi, ya watsa 'ya'yansa kusa da gindin uwa, ga shi kuwa nan babu uwa ko ɗaya.

Sai a ɗauko fartanya. Kana tonawa za ka tarar tsiron manne da wata saiwa mai kaurin damtse, tana kwance ƙarƙashin ƙasa. Bi ta a hankali, za ta kai ka ga wani tsiron, daga nan ta dire a wani baƙin kututture. Ashe bishiyar da aka sare ba ta mutu ba. Irin wannan hali ne da bishiyar aspen ta Amurka: a jihar Yuta akwai kurmi mai suna Pando, hekta 43, itatuwa wajen 47,000, duk saiwa ɗaya. Can barewa ce ke cinye tohon.

A nan fa, me ke hana tsirran doka girma? Dubi kan kowane tsiro, akwai busasshen tsinke da wuta ta lasa. Wutar Nuwamba, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi, wucewa take yi sama-sama. Ta Fabrairu da Maris, wadda masu neman gafiya ko sabuwar ciyawar kiwo ke cinnawa, ita ke babbake toho har ƙasa. Abin da ya tsira, akuya ta ƙarasa.

Manoman Maraɗi sun fara amfani da maganin tun wajen 1983: a zaɓi toho biyu ko uku mafi ƙarfi a kututture, a sare sauran, a tsare su. Masu gona a Guga da Shika, kafin ku sayi dashe, ku share hanyar wuta, ku duba kututturan da ke gonakinku.