Tsakanin Ibadan da Zariya: yadda iyaye a Abuja ke auna zaɓin jami'a

Da zarar hukumar JAMB ta buɗe rajistar jarrabawar shiga manyan makarantu, gidajen ma'aikatan tarayya da dama a Kubwa da Gwarinpa da Lugbe kan shiga muhawara iri ɗaya. Yaro na son karatun likitanci a Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa a 1948, saboda sunan da asibitin koyarwarta ya yi. Iyaye kuma hankalinsu ya fi kwanciya da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Bayero ta Kano, inda akwai kawu ko gwaggo, da abinci da harshen da aka saba. Gurbin zaɓin farko ɗaya ne tak, kuma manyan jami'o'in tarayya ba kasafai suke waiwayar wanda ya sanya su a na biyu ba, musamman a fannonin da ake rububinsu.

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne matsayin kwas ɗin a makarantar. Hukumar NUC ce ke tantance kwasa-kwasai ɗaya bayan ɗaya, don haka jami'a na iya yin fice alhali wani sashenta bai samu cikakkiyar amincewa ba. Bayan NUC akwai hukumomin sana'a: MDCN ta likitoci, wadda ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka, da COREN ta injiniyoyi, da Majalisar Ilimin Shari'a ta lauyoyi. Idan makaranta ta ɗauki fiye da adadin da aka ware mata, ɗalibai ne ke ɗanɗana kuɗarsu a ƙarshe, domin rajistarsu ko tafiyarsu makarantar lauyoyi na iya jinkirta.

Wurin da makaranta take ma wani ɓangare ne na karatun. Mai son aikin man fetur da ya zaɓi Jami'ar Albarkatun Man Fetur ta Tarayya da ke Effurun a Jihar Delta, wadda aka kafa a 2007, yana zaune ne kusa da matatar Warri da kamfanonin da zai nemi horon sanin makamar aiki a cikinsu. Haka mai son aikin gona ko likitancin dabbobi zai tarar da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da cibiyar binciken dabbobi ta Shika duk a ƙofar gida idan ya zaɓi Zariya.

Akwai kuma lissafin da iyaye da yawa ba su cika yi ba. Jami'o'in tarayya na raba guraben karatu gida uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka ware a matsayin masu ƙarancin ilimin boko, waɗanda galibinsu na Arewa ne. Jihar asali ake dubawa, ko da an haifi yaro a Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Wannan na nufin ɗan Jigawa ko Yobe yana da ƙofa a Kudu ta kason na uku, a Arewa kuma zai shiga sahun dubban 'yan yankinsa masu neman gurbi ɗaya.

Sai dai damuwar iyaye ma tana da tushe. Ɗan shekara 16 ko 17 da aka kai inda ba shi da mai cewa ya ci ko bai ci ba na iya rasa natsuwar karatu, komai kyawun ɗakin gwaji. Daga Abuja zuwa Zariya tafiyar 'yan sa'o'i ce, zuwa Ibadan kuwa kusan yini guda, kuma tun bayan cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya zama babban kaso a albashin ƙaramin ma'aikaci. Yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ya nuna wa iyaye abin da ke faruwa idan aka rufe ɗakunan kwana kwatsam: wanda ke da dangi a gari ya samu wurin fakewa, wanda ba shi da su sai hanya.

Duk da haka, baƙunci a Kudu bai kai yadda ake zuzutawa ba. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Najeriya a Legas aka kafa ta a 1954, kuma rassanta na da ƙarfi a jami'o'in ƙasar Yarabawa, kamar yadda ɗalibai Kiristoci ke da nasu ƙungiyoyin a Zariya da Kano. Unguwar Sabo ta Hausawa a Ibadan ta haura shekara ɗari. A ɗaya ɓangaren, yaron da ya tashi a Abuja yana Turanci da Hausa rabi da rabi na iya jin kansa baƙo a Kano fiye da yadda iyayensa ke zato.

Ma'auni mafi amfani shi ne halin yaron kansa da irin kwas ɗin. Wanda ya yi makarantar kwana, ya iya riƙe kuɗi da wankinsa, kuma ya tsaya kan fannin da wata makaranta ta fi kwarewa a kai, nisa ba zai karya shi ba. Wanda ke da larurar lafiya irin ta amosanin jini, ko bai taɓa kwana nesa da gida ba, kusanci da dangi na cikin sharuɗɗan nasararsa. Inda makarantun biyu ke da cikakkiyar amincewa a kwas ɗaya, bambancin suna bai kai a sadaukar da kwanciyar hankali dominsa ba.

Kafin a cike fom, yana da kyau iyaye su kai yaro makarantun biyu, su shiga sashen, su leƙa ɗakunan kwana, su tambayi 'yan aji uku yadda ruwa da wuta da malamai suke. JAMB na ba da damar sauya makaranta bayan fitowar sakamako, amma damar na da wa'adi, kuma wasu jami'o'in kan rufe rajistar tantancewarsu kafin iyali su gama shawara.