Hattara da Canjin Bayan Fage

Duk wanda ya tashi a Gure ya san sefa, ya san naira. Ka miƙa wa dillalin dabbobi a kasuwar Gidigir takardar jika goma, kafin idonsa ya sauka a kanta yatsunsa sun gaya masa ko ta ƙwarai ce. Haka matar da ke saro kaya a Nguru ko Machina, ko cikin duhu ta san dubu ɗaya ta naira. Amma ɗauko riyal 500 na Saudiyya, ko dalar Amurka 100, ko yuro 50, ka ɗora a tafin wannan dattijo da ba a taɓa cutarsa ko tamma ɗaya ba a cinikin raƙumi. Bai san launinta na gaskiya ba, bai san kaurinta ba, bai san wadda ake karɓa yau da wadda aka daina karɓa ba. Ta wannan ƙofa macuta suke shigo mana, kuma ƙofar kullum ƙara faɗi take yi.

Dalilin faɗinta ba ɓoyayye ba ne. A da, mai neman kuɗin waje a ƙasar Muniyo maniyyaci ne, sau ɗaya a shekara, shi ma ba kowane gida ba. Yanzu ga masu umara cikin azumi, ga fatake masu zuwa Dubai da Sin, ga masu kai mara lafiya Masar ko Tunisiya ko Indiya, ga ɗalibai, ga samarin da suka nufi Libiya. Kowa guzuri yake nema a hannu. Sannan abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya bar tabo: da CEDEAO da UEMOA suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, tsabar kuɗi ta yi wuya, bankuna suka ƙayyade abin da mutum zai iya cira daga dukiyarsa, mutane suka yini a layi. An ɗage takunkumin a 24 ga Fabrairu 2024, amma mutane da yawa sun riga sun yanke cewa banki wahala ne, gara a nemi wani a gefe. Macuci kuwa wannan tunanin yake jira.

Kada a ɗauka ina magana ne a kan ƴan canjinmu na kasuwa, masu tebur da rumfa, waɗanda aka san iyayensu, aka san ƙofar gidansu. Da su cinikin iyaka yake tafiya tun kafin a haifi yawancinmu, kuma in takarda ta sami matsala gobe za ka same su inda ka bar su. Ina magana ne a kan sabon iri: mai lamba a WhatsApp wanda ba shi da rumfa, mai tare mutum a bakin tasha a Damagaram ko Yamai, mai shigowa gidan maniyyaci da sallama da carbi ana saura kwana uku tashi.

Ga yadda abin yake tafiya. Zai zo da ladabi, ya durƙusa ya gai da mai gida. Ya ce, “Baba Alhaji, na ji Allah ya kira ka bana. Ina da ragowar riyal da na dawo da shi daga umara, ba riba nake nema ba, addu’a nake so ka yi mini a gaban Ka’aba.” Ya zaro takarda ɗaya shuɗiya, ta riyal 500, mai hoton Ka’aba da na Sarki Abdul’aziz. Dattijon da ya shekara ashirin yana tara kuɗin wannan tafiya ya ga ɗakin Allah a jikin takarda, zuciyarsa ta yi laushi, bincike ya fita daga kansa. Wannan takarda ta farko ta gaske ce, a kai ta ko’ina za a karɓa. Sauran da za a kawo da daddare, ɗaure da roba, su ne abin tsoro: ta sama da ta ƙasa na ƙwarai, na tsakiya jabu. Wani kuma kuɗinsa duka na ƙwarai ne, hannunsa ne ɓarawo. Kai ka ƙirga sun cika, sai ya ce, “Kawo in sake dubawa, kada in zalunce ka.” Ya ƙirga a gabanka, ya ninke, ya sa a ambulan, ya liƙe da kansa. Sai a Madina za ka buɗe ka tarar biyar sun yi ɓatan dabo. Na ukunsu ko wahalar zuwa ba ya yi. Ya turo hoton damin dalar Amurka a waya, ya ce a tura rabin kuɗi ya riƙe maka farashi kafin ya tashi. Kana turawa, lambar ta mutu.

Abin da yake kama mutane a duk waɗannan hanyoyi guda ne: araha. To, a nan nake so mai karatu ya tsaya ya yi lissafi, don wannan lissafin kaɗai ya isa ya tsare dukiyar mutum. Sefa ɗaure take da yuro a farashin da ba ya motsi tun 1999: yuro ɗaya sefa 655.957. Wato yuro 100 ya kama sefa 65,596, kusan jika sittin da shida, kafin a ɗora ladan canji. Duk wanda ke riƙe da yuro 100 na gaske ya san zai iya shiga banki ya karɓi kusan wannan adadi. Don me zai sayar maka a jika hamsin da takwas? Riyal kuma ɗaure yake da dalar Amurka tun 1986, dala ɗaya riyal 3.75, wato dala 100 riyal 375. Farashin waɗannan kuɗaɗe ba kamar na gero ba ne da zai faɗi a Subdu don kaka ta yi kyau, ya tashi a Kelle don ruwa ya yi gardama. Kuɗin ƙwarai ba ya neman mai saye. In ka ga an karyar maka da shi, to akwai abin da mai shi ya sani wanda kai ba ka sani ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Asarar kuɗin ma ita ce ƙaramar musiba. Babbar ita ce wurin da za a gano jabun. Ba a Gure za a gano shi ba, inda mai unguwa zai tsaya maka, liman ya shaide ka. A gaban tagar mai canji a Makka za a gano shi, ko a filin jirgin Dubai, inda na’ura ke tantance takarda cikin ƙiftawar ido. Mai tagar ba zai mayar maka da ita ya ce ka yi haƙuri ba. Zai riƙe ta, yana iya kiran ƴan sanda. A lokacin kai ne mai jabun kuɗi, don a hannunka aka gani. Ba ka jin Larabcin da ake yi maka tambaya da shi, ba ka da rasit, wanda ya sayar maka ko cikakken sunansa ba ka sani ba. Ka yi tunanin Hajiya mai shekara saba’in, wadda ƴaƴanta suka sayar da shanu suka biya mata kujera, tana zaune a ofishin ƴan sanda ranar da ƴan’uwanta ke shirin fita Mina. Wanda ya jefa tsohuwa cikin wannan hali saboda ribar jika ɗari, ban san da wace fuska zai tsaya gaban Allah ba.

Kuma wanda ya gane an cuce shi tun yana gida, kada shaiɗan ya raya masa ya tura takardar gaba don ya rage asara. Dokar ƙasashen UEMOA ta hukunta wanda ya san kuɗi jabu ne ya sake sa shi cikin jama’a. Wurin jandarma ko ƴan sanda za a kai ta, tare da lambar wayar da aka yi magana da ita.

Akwai kuma takardar da ba jabu ba ce, amma ta mutu ko tana gargara. Mu da muke bakin iyaka mun ga wannan da idonmu. A Oktoba 2022 babban bankin Najeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya sa wa’adin 31 ga Janairu 2023, daga baya ya ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Masu tsofaffin takardu a wannan gefen iyaka, waɗanda ba su da asusu a Najeriya, suka riƙa rabuwa da su a wulaƙance. Kotun ƙolin Najeriya ta dawo wa takardun da rai a 3 ga Maris, amma wanda ya riga ya sayar ya sayar. Manya suna tuna 2004, lokacin da BCEAO ta janye takardun sefa samfurin 1992. A 2024 babban bankin Libiya ya sanar da janye takardar dinari 50, abin da ya kamata duk mai nufin Sabha ya sani kafin wani ya cika masa aljihu da ita a Agadas. Takardar yuro 500 an daina fitar da ita tun 2019. Doka ba ta soke ta ba, amma kantuna da yawa ba sa taɓa ta. Dala 100 ta Amurka ma iri-iri ce. Sabuwar, wadda ta fito a Oktoba 2013, tana da zare shuɗi saƙe a tsakiyarta, da ƙararrawa a cikin hoton kwalbar tawada mai sauya launi daga jan ƙarfe zuwa kore in ka karkata ta. Tsofaffin suna aiki a Amurka, amma ƴan canji a ƙasashe da yawa sukan rage musu daraja ko su ƙi su. Irin waɗannan takardu da suka gagara shiga a birane su ake tattarowa a kawo wa mutumin ƙauye. Mai zuwa Chadi ko Kamaru kuma ya tuna sefarsu ta BEAC ce, tamu ta BCEAO. Darajarsu ɗaya a lissafi, amma tamu ba ta sayen ko shayi a can sai an canza, an cire lada.

Wasu suna ganin dabara ce su mai da sefa naira, su gangara Kano su sayi dala a Wapa. Wapa tsohuwar kasuwar canji ce mai manyan mutane, amma mai wannan hanya canji biyu ya yi, lada biyu ya biya, ya kuma ratsa daruruwan kilomita da dukiyarsa a ƙugu. In ya riƙe nairar ya jinkirta, ita ma tana iya narkewa a hannunsa: a farkon Yuni 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairu 2024 ta haura 1,500.

Hanyar tsira ba gajera ba ce, amma sananniya ce. Daga Gure zuwa Damagaram kilomita 160 ne da ɗoriya a kan kwalta. Can akwai rassan bankuna, akwai reshen BCEAO, akwai masu canji da hukuma ta ba izini. Mutum ya tafi da fasfonsa da tikitinsa tun da sauran mako biyu ko uku, don gaggawar daren tashi ita ce abokiyar macuci. Ya karɓi rasit mai hatimi, ya adana shi tare da fasfo, don shi ne bakinsa a gaban duwan da ɗan sandan ƙasar waje. Ya zama shi ne na ƙarshe da ya ƙirga. In wani hannu ya sake taɓa kuɗin, a sake ƙirgawa daga farko, ko da za a ce ya cika zargi. Ya nemi ƙananan takardu a ciki, ya raba guzurin wuri biyu, in yana da katin banki ya bar wani kaso a ciki. Ya tambayi bankin iyakar abin da doka ta yarda ya fita da shi a hannu: a da dai, dokar UEMOA ta 2010 ta tsayar da shi a kan kwatankwacin sefa miliyan 2 ga mai fita daga yankin, kuma ƙasashen da ake zuwa suna da nasu sharaɗin. A Dubai abin da ya haura dirhami 60,000 sai an bayyana shi, a Sin abin da ya haura dala 5,000. Saboda haka duk wanda ya ce ka riƙe masa ƙunshin kuɗi ka miƙa wa wani a can, ka ce masa a’a, ko ɗan ɗakinku ne.

Batun tura kuɗi a waya kafin a ga kaya kuwa, malamanmu sun riga sun rufe wannan ƙofa tun kafin a ƙirƙiro waya. A fiƙihun da ake karantarwa a zaurukanmu, canjin kuɗi da kuɗi hannu da hannu ne, a zama ɗaya, ba a jinkirta ɗaya ɓangaren. Ina roƙon limaman Gure da Bune da Gidigir su faɗi wannan a huɗuba idan watan Shawwal ya kama, su faɗe shi da Hausa da Barbarci, yadda tsohuwar da ke sahun baya za ta ji. Masu kamfanonin jigilar alhazai da hukumar alhazai ta COHO, idan suna bitar maniyyata, su kawo riyal na gaske kowane iri, a zagaya da shi hannu-hannu, kowa ya taɓa, ya ɗaga shi a haske, ya san abin da zai karɓa. Ku kuma ƴaƴa da kuka yi karatu, kuka haɗa kuɗi kuka biya wa Inna ko Baba kujera, aikinku bai ƙare a biyan kujera ba. Ɗayanku ya ajiye abin da yake yi, ya shiga mota da su zuwa Damagaram, ya tsaya a gaban taga har a ƙirga guzurin a rubuta rasit da sunansu.