Beethoven, Kurman da Ya Tsara Kiɗa

Ludwig van Beethoven ɗan mawaƙi ne, jikan shugaban makaɗan fada. An haife shi a Bon ta ƙasar Jamus a 1770, ya koma Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1792. Kafin a ce kwabo ya zama gwanin fiyano da masu sarauta ke rububin gayyata gidajensu. Bai cika shekara 30 ba kunnuwansa suka fara yi masa ƙara dare da rana. A 1801 ya rubuta wa abokinsa likita, Franz Wegeler, cewa yana jin amon magana amma kalmomin na kuɓuce masa, kuma kusan shekara biyu ke nan yana gudun taro. Da wane baki makaɗi zai ce wa jama'a shi kurma ne?

Ɗalibinsa Ferdinand Ries ya ba da labarin ranar da suka fita shan iska bayan gari. Wani makiyayi na busa sarewa a cikin kurmi, Ries ya ce wa malaminsa ya saurara. Beethoven ya kasa kunne har wajen rabin sa'a, bai ji komai ba. Don tausayi sai Ries ya ce ai shi ma ya daina ji, alhali sarewar na tashi. Malam dai ya yi tsit, ransa a ɓace.

A Oktoban 1802, a ƙauyen Heiligenstadt inda likita ya tura shi hutu, ya rubuta wa ƙannensa biyu wasiƙa. Ya ce mutane na ɗaukarsa mai baƙin rai, ba su san lalurar da yake ɓoyewa ba, kuma saura ƙiris ya halaka kansa, kiɗan da bai gama fitarwa daga ransa ba ne ya riƙe shi. Bai aika wasiƙar ba. Sai bayan rasuwarsa a 1827 aka tsince ta cikin takardunsa. Bayan hutun, ya koma Biyana ya duƙufa. Manyan kaɗe-kaɗensa na taron makaɗa da ake kira simfoni, irin su na 3 da na 5, bayan wannan wasiƙa suka fito.

Yaya aka yi? Irin kiɗan da ya taso a cikinsa rubuta shi ake yi. Kowane amo da alamarsa, da tsawonsa, da kayan kiɗan da zai fitar da shi. Wanda ya ƙware yana duban takardar ya ji kiɗan a kansa, kamar yadda mutum ke jin muryar ɗan'uwansa idan yana karanta wasiƙarsa. Beethoven ya shafe sama da shekara 20 yana cika kansa da sauti kafin ƙofar ta fara rufuwa, kuma a hankali ta rufu. Yakan fita yawo da ɗan littafi a aljihu, ya rubuta, ya soke, ya sake.

A ganina, abin da kurumta ta ƙwace masa shi ne mutane, kuma nan ne zafin labarin yake. A 1814 ya yi sallama da kaɗa fiyano a gaban jama'a. Makaɗi Louis Spohr, da ya gan shi wajen gwaji, ya ce inda ake son ƙarfi yakan doka har wayoyin su yi kuka, inda ake son laushi kuwa yatsunsa su bi ta kai ba a ji komai ba. Johann Mälzel ya ƙera masa ƙahonnin ƙarfe na sa wa a kunne, ba su yi wani tasiri ba. Daga 1818 baƙi rubuta masa magana suke yi a littafi, shi ya amsa da baki. Sama da ɗari na waɗannan littattafai suna nan har yau, cike da tambayoyin da amsarsu ta bi iska.

Ranar 7 ga Mayu 1824 aka fara kaɗa simfoninsa na 9. Ya tsaya kusa da jagoran makaɗa, Michael Umlauf, yana juya shafuka yana kaɗa hannu, amma tuni Umlauf ya gargaɗi makaɗa da mawaƙa kada su bi shi. Zaure ya kaure da tafi, shi kuwa ya ba jama'a baya, idonsa na kan takarda. Wata matashiyar mawaƙiya, Caroline Unger, ita ta juyo da shi. Da mutane suka gane, sai suka riƙa ɗaga huluna da hankici don ya gani.

Bayan shekara guda aka shiga gwajin sabon kiɗansa na masu goge huɗu. Joseph Böhm, wanda ya ja ragamarsu, ya ce Beethoven ya tsugunna a kusurwa, idonsa ƙur a kan sandunan goge, ko yaya suka kauce wa sauri sai ya gane. A kusan ƙarshen kiɗan Beethoven ya rubuta a sassauta gudu, Böhm ya ga hakan na rage armashi, ya ce wa abokansa su wuce ba sassautawa. Beethoven ya bi hannayensu da kallo har suka dire. Ya ce a bar shi haka, ya je ya soke umarnin nasa a takardun su huɗun.