Hotunan Gumel na dā: na wane ne, kuma wa ke da ikon bugawa?

Duk lokacin Hawan Sallah sai tsofaffin hotunan fadar Gumel su cika WhatsApp, wasu ma su koma kalanda ana sayarwa ranar Alhamis a kasuwar Maigatari. Babbar hujjar masu bugawa ita ce: wai hoto in ya tsufa ya zama na kowa.

Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma tsufan da doka ta sani lissafi ne, ba dusashewar takarda ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta ba hoto kariyar shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a da yardar mai shi. In ba a fitar ba, sai a ƙirga daga ɗaukarsa. Saboda haka hotunan Hawan Daba na Kaduna da aka buga a 1956, lokacin zuwan Sarauniya Elizabeth, tuni suka fita daga kariyar. Na bikin FESTAC da aka buga a 1977 kuwa sai ƙarshen 2027. Mulkin Sarkin Gumel Muhammadu Sani, daga 1944 zuwa 1980, ya ratsa ɓangarorin biyu, don haka a duba shekarar hoto kafin a kai shi maɗaba'a.

Ana kuma cewa wanda ke cikin hoto, ko magadansa, su ne masu shi. Ba haka ba ne. Asalin haƙƙin na wanda ya ɗauka ne, sai in yarjejeniya ta ce akasin haka. Amma dokar ba ta bar iyali hannu rabbana ba: wanda ya biya aka ɗauke shi hoton biki ko suna yana da damar amfani da shi ba don ciniki ba, yana kuma iya hana a baza shi a duniya.

Hujjar da ta fi ruɗar mutane ita ce ta "ai na rubuta sunan mai hoto". Sashe na 20 na dokar ya halatta amfani na adalci don nazari, binciken da ba na riba ba, sharhi, da ba da labarin abin da ke faruwa, kuma a sharhi da labari ambaton mai aikin sharaɗi ne. Sai dai suna kaɗai ba ya wanke mutum. Kotu za ta duba manufar, da irin aikin, da yawan abin da aka ɗiba, da ko an kashe wa mai shi kasuwa. Ɗalibar Gagarawa da ta sa hoton a kundin bincikenta tana da madogara. Mai kalanda ba shi da ita, ko da ya rubuta sunan da ruwan zinare.

Hotunan da ke ajiye a Ingila kuma a yi hattara: ƙa'idarsu ta yau shekara 70 ce bayan mutuwar mai ɗauka, kuma gidajen adana tarihi kan gindaya nasu sharuɗɗan kafin su ba da kwafi.